Tsumman Goge Ƙasa

Yana durƙushe yana goge ƙasan kicin, ƙanwarsa ta zo ta tsaya a kansa.

"Yaya, ina ka samo wannan tsumman?"

"A ƙasan durowar Mama. Tsohuwar riga ce, wuyan duk ya cinye. Na wanke ta, na yayyanka."

Tun da ya dawo daga karatu gidan ke ƙarƙashin dokarsa. Ya hana leda, ya raba kwandon shara biyu, ya kafa bokiti a gindin famfo. Ƙanwar ta laƙaba masa Shugaban Shara. A makon nan ya soke sayen takardar goge hannu, ya ce tsofaffin kaya sun isa.

Yau ba ta tsokane shi ba.

"Ita ce a jikin Baba ranar da aka kai shi asibiti, bai dawo ba," ta ce a hankali. "Kai kana can kana jarrabawa. Mama ba ta taɓa yarda a wanke ta ba."

Ya ɗago kai. Mahaifiyarsu na bakin ƙofa, riƙe da jakar yadin da ya matsa mata ta riƙa zuwa kasuwa da ita.

"Mama, ban sani ba."

"Ina za ka sani?"

Ta sunkuya ta ɗauki ƙyallen, da aljihun a jikinsa. Ta matse ruwan, ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa.

"Sabulunka na da ƙarfi," ta ce. "Bai bar komai ba." Ta miƙa masa. "Ƙarasa, can lungun bai fita ba."