Kunya Bakwai a Lambun Albasa

Ina aji huɗu a Birnin Malam, da an zo haddar sau sai in sunkuyar da kai. Bakwai sau takwas ta ja mini bulala har Baba ya fara zancen cire ni daga makaranta.

Ran nan sabon malaminmu ya kai mu ɗan lambun albasar makaranta. Ya ce, "Ke mai sunkuyar da kai, yau ƙirga kunya za ki yi, ba jin ta ba."

Kunya bakwai ce, kowace da albasa takwas. Na bi su da yatsa.

"Hamsin da shida, Malam!"

Aka tafa mini. Sai da na gama aji shida, ga shi yau ni ke duba aikin lissafin ɗiyata.

Don Allah malamai, in yaro ya kasa hadda, ku ba shi abin da zai taɓa.