Rabin Ƙwayar Kawu Nurettin

Tun da Sabahat, matar Kawu Nurettin, ta rasu, babu mai numfashi a gidan sai shi da Duman, wani ƙaton muzuru mai launin toka. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta tsinto shi yana ɗan mitsitsi a tashar jirgin ruwa ta Uskudar, ta shigo da shi cikin jakar cefane a kan albasa. Nurettin ya rantse muzurun ba zai kwana a gidan ba. Ya kwana, har ya ƙwace masa kujerarsa ta bakin taga.

Sabahat ta keɓe wa Duman gwangwanin biskit guda. A ciki take ajiye maganin tsutsar ciki, da na ƙuma, da katin likitar dabbobi. In za ta ba shi ƙwaya sai ta naɗe shi a shuɗin tawul kamar jinjiri, ta ɗaga haɓarsa ta jefa masa, ta yi ta shafa maƙogwaronsa har ya haɗiye. Nurettin na gefe da kofin shayinsa yana zolaya.

"Ni da na yi shekara talatin ina ɗaure igiyar jirgi, ba a taɓa naɗe ni a tawul ba."

"Kai ai ba ka yakushi," in ji ta. "Kuma ka ji da kyau, maganinmu daban, nasa daban."

Bayan ta tafi, yakan yi wa Duman hira da safe, ya ba shi labarin yadda take gasa musu kifi ran Juma'a. Kewarta ta yi masa yawa, amma in muzurun ya hau cinyarsa sai ya ji sauƙi.

Wata Talata Duman ya dawo yana ɗingishi. Nurettin ya kai kukansa shagon shayi wajen Rustem, abokin dararsa.

"Likita? Don kyanwa?" Rustem ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsoho, marigayiya ta ɓata ku, kai da shi. Ba ka da farasitamol ne? Ɓalla rabi ka ba shi. Jikata ma shi ake ba ta."

Maganar ta shige shi. Ai ba mugun magani ba ne, shi ma da shi yake lallaɓa gwiwarsa. Ya koma gida ya ɗauko shuɗin tawul, hannunsa ya bi ta kan gwangwanin bai buɗe ba. Duman da ya ga tawul ɗin bai ko motsa ba, ya kwanta ya miƙa wuya. Nurettin ya jefa masa rabin ƙwayar, ya haɗiye ba gardama. Nurettin har ya yi murmushi, yana cewa a ransa da Sabahat na nan da ta yaba masa.

Washegari fuskar Duman ta kumbura, dasashinsa ya yi duhu, numfashi na fita da ƙyar. Sai a lokacin Nurettin ya buɗe gwangwanin ya ciro katin, ya garzaya da shi wajen likitar.

"Kawu, me ka ba shi?" likitar ta tambaya.

"Rabi kawai, 'yata. Rabin na ciwon kai."

Likitar ta ce, "Jikin kyanwa ba ya iya sarrafa shi, guba ne a gare ta. Ƙafar kuwa targaɗe ne, da ta warke da kanta."

Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kafin la'asar Duman ya mutu. Nurettin ya binne shi cikin tawul ɗin a gindin ɓauren bayan gida, ya yi kukan da ko ranar jana'izar matarsa bai yi ba. Kujerar bakin taga ta dawo tasa, har yau bai iya zama a kanta ba.

Jama'a, maganin mutum ba na kyanwa ba ne, ko da rabi ne, ko da tausayi ne ya sa. In dabbarku ba ta da lafiya, ku tambayi likitan dabbobi, ba abokin hira ba.