Hajiya Suweiba Ba Ta Son Sauka

Hajiya Suweiba ta kuskure baki, ta wanke banɗakin tas, ta fesa turare, sannan ta zauna a bakin gado kamar ba ita ce ta gama kelaya amai ba. Jibi jirgin ruwan zai iso New York daga Bermuda, ya sauke mutane ya ɗebi wasu ya juya. Ita kuwa tikiti biyu ta yanka a jere, ba ta da niyyar taka ƙasa. Dokar jirgin ce matsalar: duk mai zarcewa tafiya ta biyu sai an gwada shi, wanda aka samu da ciwon ciki a killace shi a ɗaki, jirgi na tsayawa a sallame shi.

Ba wai teku take so ba. Matar da ta ƙarar da ƙarfinta tana shara a filin jirgin sama, ko jirgin fiton Staten Island ba ta taɓa shiga don nishaɗi ba. 'Yarta Na'ima ta yi magana har ta gaji a gidansu na unguwar Jamaica a New York, ta ce me ya haɗa mai hawan jini da ruwa. Hajiya ta ce a bar ta da abinta.

Lokacin ma bai yi wa baƙar mace mai mayafi daɗi ba. Ƙarshen 2014 ne, talabijin ba ta da zance sai Ebola. In ta shiga lif sai mutane su tuna sun yi mantuwa. In ta ɗauki cokalin zuba abinci, na bayanta ya nemi wani. Ba ta ko kallonsu. Kullum da safe takan ja kujera kusa da ƙofar asibitin jirgin, ta zauna da carbinta har azahar, fuska a ɗaure.

Baturiyar ɗakin da ke jikin nata ce ta ji kakarin aman ta bango, ta kai ƙara da gudu.

Ma'aikacin jinyar da aka turo dogo ne, baƙi, da safar hannu da abin rufe hanci, sunansa maƙale a ƙirji. Shi ne wanda yake wuce ta kowace safiya ba ko sannu. Tana ganinsa ta juya fuska wajen taga.

"Hajiya, an ce kina amai," ya ce da Hausa, murya a bushe.

"Wa ya ce?"

"Ba ruwanki da wanda ya ce. Buɗe baki."

Da hagu ya miƙo ma'aunin zafin. Hajiya Suweiba, wadda ko yaron maƙwabta ya miƙo mata abu da hagu sai ya sha faɗa, ta haɗiye maganarta ta karɓa.

"Kai, ka rufa mini asiri. Mako ɗaya ne ya rage."

"Doka ce, ba ni na kafa ta ba. Kuma ba a mutuwa don an bar mutum a baya, Hajiya. Har girma ana yi."

Ya manna jar takarda a ƙofarta ya tafi. Daga nan abinci a ƙasa ake ajiye mata, a ƙwanƙwasa a ruga. Masu wucewa sukan ɗaga murya don ta ji, wai tun farko me ya sa aka bar irinsu suka shigo. Gwaji ya fito, ba Ebola ba ce, ciwon cikin nan ne da ke yawo a jirage, amma babu wanda ya zo ya ba ta haƙuri. Ba wannan ne ya ƙona mata rai ba. Sallamar ce take tsoro, har barci ya ƙaurace mata.

Safe da yamma yakan zo aunawa. Ba ya zama, ba ta kallonsa. Ta ciro ƙullin dambun naman da ta ɓoye a ƙasan akwati, ta ajiye a kan tebur daidai inda yake ɗora kayan aikinsa. Ya ture shi da bayan hannu, ya rubuta abin da zai rubuta.

Ranar da jirgi ya tsaya a Manhattan cikin New York, sai da kowa ya watse aka buɗe mata. Shi ya ɗauko akwatin, yana gaba tana biye, har gindin matakala. Nan ya tsaya ya sauke abin rufe hancin.

"Ciwon ya sauka tun jiya. In na yi wa likita magana zai bar ki ki zarce." Ya buga ƙirjinsa da yatsa. "Mako guda kina ce mini 'kai', kina ce wa mutane 'wancan'. Ga sunana a rubuce. Ki faɗe shi sau ɗaya da bakinki, in mayar da akwatin nan sama."

Ta ɗago ido, karon farko. Leɓenta ya motsa. Sababbin fasinjoji suna ta shigewa da jakunkuna da dariya, shi kuma yana tsaye yana jira, har idonsa ya kaɗa ya yi ja. Da ya ga ta sunkuyar da kai, ya dire akwatin a gabanta, ya hau matakala bai waiwayo ba.

Alkasim, ɗanta, wanda don ganinsa ta shigo jirgin. A zuci ta kira shi ba adadi tun ranar da ta yaye shi, ta miƙa wa kakarsa a Zariya, ta hau jirgin Amurka. Amma a gidan da ta tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta.