Jan Ɗigo a Hanyar Tafki

A gonar inabi ta ƙarshe da suka tsaya, matar da ke zuba musu giya ta ce su fara shinshinawa. Odessa ta cusa hanci cikin kofin gilashin, ba ta ji komai ba, mura ta toshe ta tun jiya. Ta kurɓa, ta kurkure baki, ta tofar a bokitin da aka ajiye don haka, tunda ita ke tuƙi. Ƙaninta Wendell kuwa bai tofar da ko ɗigo ba.

"Yaya, ba ni makullin mota, na manta hulata," in ji shi. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, kansa ba hula, sai murmushi.

Da rana ta karkata suka ajiye mota a gindin duwatsun Siyera, kowa ya goya jakarsa. A bakin wani tafki can sama za su kafa tanti. A bakin hanya an kafa allo mai hoton zakin dutse, namun dajin da ke yawo a wurin, da gargaɗi: kada ka yi gudu, kada ka duƙa, kada ka yi tafiya kai kaɗai.

"Jakar nan ta ƙara nauyi," in ji Odessa.

"Tsufa ne, Yaya. Ni na yi gaba, in kin iso kin tarar da shayi."

Ya ɓace a cikin bishiyoyi yana fito.

Ta hau, ta hau, har ƙafa ta zame mata ta faɗi da baya a kan dutse. Wani abu ya ce ƙas. Ta shafa ƙugu, ta ga ba ƙashinta ba ne, ta tashi. A mararraba ta bi hagu, ta yi nisa kafin ta gane hanyar ta mutu a bakin kwazazzabo. Ta juyo.

A nan ta fara ganinsa. Ɗigo ja a kan farin falalen dutse, ga wani a gabansa, ga wani. Ɗazu da ta wuce babu su.

Ta taɓa da yatsa. Ɗanye ne.

"Wendell?" Muryarta ta je ta dawo ita kaɗai. Waya ba sabis. Ta busa usur har kunnenta ya yi ƙara, ba amsa.

Ta bi ɗigon. Ya kai ta har mararraba, har wajen da ta faɗi, inda ya taru ya yi ɗan tabo mai faɗin tafin hannu, daga nan kuma babu. Wato a nan zakin ya kama Wendell. Ya ja shi ta hanyar da ta bi, a bayanta, tana tafe ba ta sani ba. Ita ce ta yi wa mahaifiyarsu alkawarin dawo da yaron nan lafiya, ita ce kuma ta bar shi ya sha ya yi gaba.

Ta kama hanyar dama, wai ko akwai mutane a tafki. Ta yi tafiya kaɗan, ta waiwaya.

Ɗigon na nan a bayanta, sabo, yana sheƙi. Na ƙarshe bai fi taku ɗaya daga dugaduganta ba.

Ba ta yi gudu ba, allon ya hana. Ta ɗaga sandunan tafiyarta sama don ta ƙara girma, ta dinga ja da baya tana yi wa bishiyoyi tsawa. Ba abin da ya motsa. Amma duk inda ta kalli ƙasa sai ta ga ja tsakanin takalmanta. Abin ba ya ƙara, ba ya numfashi, ba ya barinta. Ta fara kuka ba sauti, tana tsara yadda za ta buɗe baki a gaban tsohuwa.

Rana na taɓa kan duwatsu ta faɗo bakin tafki da rarrafe.

Wendell na zaune kan kututture, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana hura shayi.

"Kai! Ina ciwon? Ina ya cije ka?" Ta damƙe shi tana lalube wuyansa.

"Wa? Yaya, ke da ba ki haɗiye ba, ke kika bugu?" Ya zame jakar daga kafaɗarta yana dariya. "Kawo nan. Na gode da dako. Wa ya ce miki zan hau dutsen nan da kaya, ga babbar yaya?"

Ya zura hannu har gindin jakarta, dariyar ta tsaya. Ya zaro kwalbar jar giyar da ya ɓoye mata tun a mota, ta tsage daga wuya zuwa gindi, ɗigon ƙarshe ya faɗi kan farin dutse tsakanin takalmanta.