Layin da Musbahu Ya Goge

Zubaidatu tana kallo Musbahu ya ajiye 'yar na'urar, wadda ba ta fi tafin hannu ba, a falonsu na unguwar Nuzla, ya jona ta da kwamfuta. Shekara biyu shi da marigayi mijinta Rafi'u suka yi suna rubuta kanel, wato zuciyar manhajar da ke tayar da ita. Rafi'u bai ga ƙarshen aikin ba.

"Halas, aiki ya kammala," in ji Musbahu, idonsa a ƙasa. "Kuma na sami kawunki da maganar neman aurenki."

Ta mai da ido kan fuskar kwamfutar. Rubutun da ke gangarowa take bi, tana jiran layin da kullum yake fito da sunan Rafi'u. Da layin ya zo, sunan Musbahu ta gani.

"Ina sunansa?"

"Ƙa'idar aikin ce. Sunan wanda zai iya ba da amsa ake sawa. Har yanzu mutane suna aiko masa da tambayoyi."

Ta ja mayafinta.

"Ni ma kullum sai na yi masa tambaya, Musbahu. Ban kuwa goge shi don bai amsa ba. Ɗauke kayanka."