Jan takalmi daga Jidda

Ina shekara huɗu Inna ta tafi aikatau Jidda. Ta dawo Aliero ina da sha ɗaya. Da la'asar mata suka cika tsakar gidanmu suna jiran tsaraba, alhali koro ta aka yi, da jaka ɗaya.

Ta ciro wani jan takalmi da ta saya tun watanta na farko a can, ɗaure da zaren da ta auna ƙafata ranar tafiya. Ta durƙusa ta gwada mini. Yatsuna kawai suka shiga.

"Ɗiyata, yaushe kinka girma hakanga?"

Matan suka yi dariya. Ni kuwa na janye ƙafata, don ban san ta ba.

Sai da na haihu na gane abin da na yi mata.