Ganyen da na wanke wa Baba

Shekarata bakwai lokacin, muna zaune a unguwar Guillotière cikin birnin Lyon, inda Baba ya zo daga Damagaram karatun ilimin tsirrai. Wata Laraba da ba lakwal, wato ba makaranta, na tarar da wani ɗan ganye a kan teburinsa, shimfiɗe cikin jarida. Tsawonsa bai wuce yatsan Baba ba, ƙananan ganyayyaki sun jeru dama da hagu a jikin siririn kara. Da na juya bayansa sai na ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa da ɗan gashi-gashi. Na ɗauka datti ne. Na ɗauko burushin haƙorina na goge shi tas.

Baba ya shigo, ya daɗe tsaye yana kallon teburin.

Na ce, "Baba, na wanke maka."

Ya zauna, ya ɗora ni a cinyarsa. "Uwata, wannan ciyawa sunanta fujer, ba ta yin fure. Abin da kika goge shi ne irinta, da shi nake tantance ta."

"To, a sayo wata a kasuwa."

"Ba a sayar da ita. Can ƙololuwar duwatsun Alp take fitowa, cikin tsagar dutse mai sanyi. Kwana uku na yi ina hawa kafin in samu wannan. Yanzu ƙanƙara ta rufe wurin, sai baɗi."

Na fashe da kuka, shi kuma ya yi ta lallashina.

Sai da na girma Inna ta gaya mini shekara guda karatunsa ya ƙaru saboda wannan. Har yau abin yana tsaya mini a rai. Shi kuwa, har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar da zancen ba.